Bin Sawun Ɗan Rana, daga Osaka zuwa Futaba

Tashar jirgin ƙasa ta Minami-Ibaraki ba ta cikin wuraren da ake kai baƙo. Unguwar ma'aikata ce a garin Ibaraki, arewa da birnin Osaka a Japan: kekuna jere a rumfa, kantin kayan masarufi, tsofaffi na jiran bas da lema a hannu saboda ranar Agusta. Ɗan yayata da ke karatun injiniya a can shi ya ce mu sauka, wai akwai abin da yake so in gani kafin mu ƙarasa filin da aka yi baje kolin duniya na 1970. Muna fitowa sai ga yaro tsaye a gaban tashar, tsayinsa mita 6.2, kusan gida mai hawa biyu.

Sanye yake da rigar kariya ruwan ɗorawa, irin wadda ake shiga wurin gubar nukiliya da ita. Ya cire hular kwanon ya riƙe a hannun hagu, a hannun dama kuma yana ɗauke da wata 'yar rana. Kansa a ɗage, manyan idanunsa na kallon sama, fuskar ta yi baƙi-baƙi, ga filasta a kunci. A ƙirjinsa akwai allon na'urar auna tururin nukiliya, an rubuta sifili uku. Sunansa Sun Child, wato Ɗan Rana. Mai sassaƙa Kenji Yanobe ne ya yi shi a 2011, watanni kaɗan bayan girgizar ƙasa da igiyar teku sun jawo babban hatsari a tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi.

Ni na tashi a gidan da ko hoton mutum ba a ratayawa a bango, kuma har yau zuciyata ba ta karkata ga mutum-mutumi. Amma in ka je garin mutane, abin da suka kafa a dandalinsu magana ce suke yi, kuma baƙon da ke son ya san su sai ya tsaya ya saurara. Na tsaya. Ba wanda ya ɗaga kai ya dubi yaron sai mu biyu. Wata mata ta jingine kekenta kusa da shi tana amsa waya, 'yan makaranta suka wuce suna hira.

"Kawu, irin wannan sak aka kafa a birnin Fukushima," in ji ɗan yayata. "Ko wata biyu bai yi ba aka kwance shi. Mutanen garin ne suka ce ba sa so."

Wannan magana ce ta sauya mana tsarin tafiya. Abu ɗaya, mai yi ɗaya, a nan ana jingine masa keke, a can an yi ta cacar baki har hukuma ta sauke shi. Na ce masa ya nemo mana tikitin arewa.

Kafin nan mun shiga filin baje kolin, tasha biyu ce kacal a jirgin da ke bin dogo guda a sama. A nan ne mutum zai gane daga inda Yanobe ya fito. An haife shi a 1965, ya girma a Ibaraki, kuma kangon wannan fili shi ne wurin wasansa bayan an watse an fara rushe rumfuna. Mutum miliyan 64 suka halarci bikin, aka nuna musu yadda gobe za ta kasance, kuma ranar buɗewa wutar tashar nukiliya ta Tsuruga, wadda ta fara aiki a ranar, na cikin abin da aka haska wurin da shi. Yaron da ya zo bayan biki, ɓaraguzan wannan goben ya tarar. Abin da ya rage tsaye shi ne Hasumiyar Rana ta Taro Okamoto, mita 70, fara, da hannuwa biyu a buɗe da fuskoki uku: ta zinariya a sama, ɗaya a gaba, baƙa a baya. A 1997 Yanobe ya ɗinka wa kansa rigar kariya ruwan ɗorawa mai na'urorin awo a jiki, ya tafi Cernobil a Yukren, inda aka taɓa yin babban hatsarin nukiliya, ya shiga makarantun yara da aka bari. A can ya tarar da mutanen da ba su tashi ba, suna zaune cikin yankin da aka hana zama, shi kuwa yana yawo a gabansu a lulluɓe. Wannan haɗuwa ta daɗe tana damunsa, kuma Ɗan Rana ita yake amsawa: yaro ne da ya samu iskar da zai iya cire hula ya shaƙa.

A Tokiyo mun tsaya a tashar Shibuya, don wani aikin Okamoto. Zane ne a bangon hanyar da ke haɗa layukan jirgi biyu, faɗinsa mita 30, tsayinsa biyar da rabi. A tsakiya ƙwarangwal ne yana ci da wuta lokacin da bam ɗin nukiliya ya fashe, a gefe kuma ga jirgin masuntan Japan da tokar gwajin bam na Amurka ta zubo wa a tekun Pasifik a 1954. A Meziko ya zana shi tsakanin 1968 da 1969 don wani otal da ba a gama ba, zanen ya ɓace, sai a 2003 aka gano shi, aka dawo da shi gida aka kafa a nan a 2008. Makonni bakwai bayan girgizar ƙasar 2011, wasu matasa masu zane da ke kiran kansu Chim Pom suka zo da dare suka manna ƙaramin allo a kusurwar ƙasa ta dama, inda akwai gurbi, da hoton tukwanen makamashin tashar Fukushima suna hayaƙi. 'Yan sanda suka cire shi nan da nan. Na nemi kusurwar na gani, babu komai. Dubban mutane na bi ta ƙarƙashin zanen, idanu a waya. Ɗan yayata ya nuna mini allunan talla da ke walƙiya a waje, ya tuna mini cewa wutar da tashar Fukushima Daiichi ke samarwa nan Tokiyo ake kawo ta. Mutanen Fukushima wani kamfanin daban ke ba su wuta.

Jirgin ƙasa mai saurin gudu na Shinkansen ya kai mu birnin Fukushima cikin kusan awa ɗaya da rabi. Duk wanda sunan nan ke kawo wa hoton kango a zuciya zai sha mamaki. Birni ne mai rai a cikin kwari, duwatsu kewaye da shi, gonakin 'ya'yan itace har bakin gari. Tsakaninsa da tashar nukiliyar kilomita 60 ne, kuma ba a taɓa ba mutanensa umarnin tashi ba. Ginin da muke nema yana dab da tashar jirgi, cibiyar yara ce mai ɗakin karatu da wurin koyar da ilimin taurari. A nan aka buɗe Ɗan Rana a farkon Agustan 2018. Kafin watan ya ƙare magajin gari Hiroshi Kohata ya sanar cewa za a cire shi, a Satumba aka kwance shi gunduwa-gunduwa aka kai ajiya. Yanobe ya ba da haƙuri a rubuce, ya ce nufinsa duniyar da babu bala'in nukiliya a cikinta.

Ƙorafi biyu aka fi yi. Na farko na masana ne: sifili a na'urar awo ƙarya ce, domin babu inda tururin yake sifili a duniya, ƙasa da duwatsu da sararin sama duk suna fitar da nasu. Wannan bai kama ni sosai ba. Mai sassaƙa ba rahoton ɗakin gwaji yake rubutawa ba, kuma kowa ya san sifilin nan addu'a ce. Na biyun shi ne mai nauyi. Iyaye suka ce: yaro cikin rigar kariya, a ƙofar wurin da 'ya'yanmu ke wasa, me yake gaya wa baƙon da ya sauka daga jirgi? Yana gaya masa cewa a garin nan sai da irin wannan riga yara suka rayu. Kuma ba a taɓa yin haka ba.

Sai ka san abin da mutanen nan suka sha kafin ka ji zafin maganar. Bayan 2011 sunan jiharsu ya zama tabo. Yaran da iyayensu suka yi ƙaura zuwa wasu jihohi an tsangwame su a makarantu; a 2016 labarin wani yaro a Yokohama ya fito, wanda 'yan ajinsu ke kira ƙwayar cuta. Amfanin gona ya faɗi a kasuwa. Daga 2012 har zuwa girbin 2019 an auna kowane buhun shinkafa da aka noma a jihar, buhu kusan miliyan 10 a shekara, ɗaya bayan ɗaya, kuma tun daga girbin 2015 ba a sami ko ɗaya da ya haura ƙa'ida ba. A wata rumfa bakin hanya muka sayi ɗan itacen da garin ya shahara da shi, suna ce masa momo, mai laushin fata da ruwa kamar zuma. Na sa ɗan yayata ya tambayi tsohuwar da ke sayarwa game da mutum-mutumin. Ta yi murmushi ta kawar da zancen, sai ta shiga ba mu labarin hunturun farko bayan hatsarin, yadda suka bi itatuwan gonarsu ɗaya-ɗaya suna wanke ɓawonsu da ruwa mai ƙarfi, cikin sanyin da yatsu ke ƙagewa. Na ɗauki wannan a matsayin amsarta. Wanda ya wanke itace reshe-reshe don ya wanke sunan garinsu, ba zai so a wayi gari a sa wa garin rigar guba a dandali ba, ko da kyakkyawar niyya.

Akwai wani abu da ya faru a wannan shekara ta 2018 wanda ya nuna cewa ba mantuwa suke nema ba. A ko'ina cikin jihar, a harabar makarantu da wuraren wasa, za ka ga wasu fararen na'urori masu farantin sola a ka, da jajayen lambobi suna nuna yawan tururin da ke iska a kowane lokaci. Wadda muka tsaya gabanta tana nuna kusan maikrosibat 0.1 a awa. A tsakiyar Maris 2011 awon birnin ya haura 20. Hukumar kula da nukiliya ta ƙasa ta yanke shawarar cire kimanin 2,400 daga cikinsu, tunda lambobin sun sauka. Iyaye mata suka tashi tsaye suka ce a'a, aka yi ta taron jin ra'ayi, a 2019 hukumar ta janye. Jiha ɗaya, shekara ɗaya: a cire yaron mai sifili uku, a bar na'urar da ke faɗin lambar gaskiya. Ni dai na ga hankali a cikin wannan zaɓi. Ina ganin magajin garin ya yi daidai da ya sauke shi, kuskuren tun farko shi ne da aka kafa ba a tambayi masu gari ba. A Ibaraki yaron yana tuna wa na nesa abin da suka fara mantawa. A Fukushima kuwa ya ɗora wa na kusa kayan da suka shekara bakwai suna ƙoƙarin saukewa.

Muka ɗauki hayar mota muka bi hanya mai lamba 114, wadda ta ratsa tsaunuka ta gangara gabar teku. Bayan Kawamata gari ya fara canjawa. Kowace ƙaramar hanya da ta rabu da babbar an tare ta da shingen ƙarfe. Gidaje na nan da rufinsu, amma ciyawa mai yaɗo ta haɗiye su har taga. A yankin Tsushima allunan awo na bakin hanya suka fara nuna lambobi masu girma. Nan ne dubban mutanen garin Namie suka gudo a ranakun farko, suna ganin sun yi nisa da tashar, alhali iska ta ɗebo gubar ta biyo su ta wannan kwarin. Gwamnati na da na'urar hasashen inda iska za ta kai ta, amma ba a sanar da su ba.

Abin da ya faru a tashar sananne ne. Ranar 11 ga Maris 2011, ƙarfe 2:46 na rana, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta katse wutar da ke shigowa. Kafin awa ta cika igiyar teku mai tsayin kusan mita 15 ta haura katanga ta nutsar da injinan ko-ta-kwana. Ruwan sanyaya tukwane ya tsaya, makamashin tukwane uku ya narke, gine-gine uku suka fashe tsakanin 12 da 15 ga wata. Mutanen jihar da suka bar gidajensu sun haura 160,000. Waɗanda wahalar ƙaura ta kashe daga baya, yawancinsu tsofaffi da marasa lafiya, sun wuce 2,300, sun fi waɗanda girgizar da igiyar suka kashe a jihar. Kwamitin binciken da majalisar dokokin ƙasar ta kafa ya ce a 2012 wannan bala'i aikin ɗan Adam ne. Tun 2008 an yi wa TEPCO, kamfanin da ke da tashar, lissafin cewa igiya mai tsayin mita 15.7 na iya zuwa, ba a ɗaga katanga ba. An gurfanar da tsofaffin shugabanninsa uku, kotu ta wanke su a 2019.

Futaba, garin da wani sashe na tashar ke cikinsa, shi ne na ƙarshe da aka yarda mutane su koma su kwana, a ƙarshen Agustan 2022. Kafin hatsarin mutum kusan 7,000 ne. Masu zama a ciki yanzu ba su kai ɗaya cikin ashirin na wannan ba. Tashar jirgi sabuwa, ofishin ƙaramar hukuma sabo, tsakaninsu da teku filaye ne da aka rushe gidajensu aka baje tsakuwa. An yi manyan zane-zanen fuskokin mutanen garin a wasu bangwayen da suka rage. Ba mu ji kukan yaro ko ɗaya ba.

A bakin teku akwai gidan tarihin bala'in, wanda aka buɗe a Satumban 2020. Abin da ya fi tsaya mini a rai yana waje, a barandar ginin: wasu manyan haruffan Japananci a jere. Ɗan yayata ya karanta mini, ma'anarsu ita ce nukiliya makamashin gobe mai haske. A 1988 aka kafa su a kan babbar hanyar shiga Futaba, kowa ta ƙarƙashinsu yake bi. Wani ɗan aji shida na firamare ne ya tsara kalmomin a gasar makaranta, aka ba shi takardar yabo. Bayan garin ya watse allon ya ci gaba da tsayuwa a kan titin da babu kowa, hotonsa ya zaga duniya. A Disamban 2015 hukumar garin ta sauke shi, ta ce ya tsufa zai iya faɗowa. Wanda ya fi kowa faɗa a kan a bar shi a inda yake shi ne yaron nan da ya rubuta, wanda a lokacin ya zama magidanci, shi ma ɗan gudun hijira. Ya tara sa hannun dubban mutane, ba a saurare shi ba. Da aka buɗe gidan tarihin ma hotonsa kawai aka sa, sai da aka yi ta suka sannan aka fito da ainihin haruffan a 2021.

Na daɗe a gabansu. Fentin ya koɗe, tsatsa ta bi gefensu. Abubuwa biyu ke nan aka sauke a jihar nan, kuma duka an ce don jama'a aka yi. Amma ba ɗaya ba ne. Mutum-mutumin ya faɗi abin da ba haka yake ba game da yaran birnin. Allon kuwa ya faɗi gaskiya tsagwaronta game da manya: ga alƙawarin da kuka yi, ga shi kun sa a bakin yaro, ga titin da ya rage. Babu mai sassaƙar da zai iya yin abin da allon nan ke yi yana tsaye a inda aka kafa shi, kuma shi ya sa nake ganin sauke shi zalunci ne ga waɗanda za su zo baya. A baranda, kusa da wurin ajiye motoci, ya zama kayan kallo. A kan titi shaida ne.

Tafiyar mintuna kaɗan arewa da nan akwai makarantar firamare ta Ukedo, mita 300 daga teku. An bar ta yadda ruwa ya bar ta, aka buɗe wa masu ziyara a Oktoban 2021. Ƙasan benen ba taga ba ƙofa, ƙarafa sun lanƙwashe, daɓen zauren wasanni ya rufta, manyan tukwanen dafa abincin yara suna kife a lungu. A wajen ginin an sa alamar inda ruwa ya kai, daidai daɓen hawa na biyu. Yara 82 ne ke cikin makarantar lokacin da ƙasa ta girgiza. Malamai suka kora su da gudu zuwa tudun Ohira, kilomita ɗaya da rabi, suka haura ta cikin daji suka ɓulla babbar hanya, wani direban babbar mota ya kwashe su. Ko ɗaya bai mutu ba. An jera labarin a alluna ɗaki-ɗaki, har ka fita kana sanin ta ina ake gudu da kuma cewa ba a jira.

Ƙauyen nasu ne bai tsira ba. A daren 11 ga wata 'yan kwana-kwanan sa-kai sun ji muryoyi da ƙarar hon ɗin mota daga cikin ɓaraguzai, suka ce da asuba za su dawo. Da asuba umarnin tashi ya zo saboda tashar. Sai bayan wata guda aka shiga neman gawa. A maƙabartar da ke kan tudun Ohira akwai dutse mai sunayen mutum 182 na garin Namie. Daga nan kana hangen dogayen bututun tashar da injinan ɗaga kaya a kudu. Na yi shiru a wurin, ɗan yayata ma bai ce komai ba. Waɗannan mutane ba tururin ne ya kashe su ba, amma shi ya hana a zo musu, kuma ba na jin akwai wani sassaƙe da ya kai jerin sunayen nan nauyi in ka san wannan.

Akwai masu fasahar da suka fahimci wannan wahala ta wata hanya. A ranar cika shekara huɗu da hatsarin, wasu 12 daga ƙasashe daban-daban, cikinsu har da Ai Weiwei na Sin, suka ajiye ayyukansu a gidaje da rumbunan da masu su suka ba da aro a cikin yankin da aka hana shiga, da sharaɗin ba mai ganinsu sai ranar da aka ɗage hanin. Ɗaya daga ciki na Trevor Paglen ne, Ba'amurke: ɗan ƙaramin dunƙule mai kusurwa huɗu na gilashi. Bayansa fasassun gilasan yankin Fukushima ne aka narka, cikinsa kuma yashin hamadar Niyu Meziko da bam ɗin farko ya mayar gilashi ranar 16 ga Yulin 1945. Ban gan shi ba, kuma haka aka nufa. Wannan ya fi mini Ɗan Rana ladabi, domin bai shiga gaban masu gida ba. Yana jira tare da su. Sai dai wani zai ce, da gaskiyarsa, abin tunawar da ba mai gani wa yake tunasarwa?

A ɗakin gidan tarihin da ke magana kan igiyar teku ɗan yayata ya ba ni labarin dutsen Aneyoshi, can arewa a jihar Iwate. Bayan igiyar 1933 waɗanda suka rage a ƙauyen suka kafa dutse a gefen tudu suka rubuta wa jikokinsu kada su gina gida ƙasa da nan. Jikokin suka bi. A 2011 ruwa ya zo ya tsaya ƙasa da dutsen, gidajensu ba su taɓu ba. Ba ado a jikinsa, umarni ne kawai. Amma igiya tana zuwa ta tafi a yini ɗaya, kuma ana ganinta. Gubar nukiliya ba a gani, ba a jin warinta, kuma tana daɗewa fiye da ƙwaƙwalwar kowane gari.

Wannan ya fito fili da muka juyo kudu ta hanya mai lamba 6. Kewaye da tashar an killace fili mai murabba'in kilomita 16, gonaki da gidajen mutanen Futaba da Okuma ne a da. A nan aka tara ƙasar da aka kankare daga harabar makarantu da gonaki da ƙofar gidaje a faɗin jihar, kimanin kubik mita miliyan 14. Ta zo cikin baƙaƙen buhuna masu cin tan guda, aka zube aka rufe, ta zama tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai da ciyawa a sama. Doka ta ce dole a fitar da ita daga jihar kafin Maris 2045. Da aka nemi gwada amfani da kaɗan daga cikinta a Tokorozawa da wani lambu a Shinjuku, mazauna wuraren suka ƙi. A Yulin 2025 aka kai kubik mita 2 farfajiyar ofishin firaminista aka shuka ciyawa a kai, don a nuna wa jama'a ba komai.

Ina kallon tuddan nan hankalina ya koma Arlit. Duk wanda ya taso a Maraɗi ko Tawa ko Damagaram ya san mutanen da suka tafi can aikin haƙar yuraniyam. Kuma alaƙar ba ta tunani ba ce kawai: kamfanin Cominak da ya yi haƙa a Akokan daga 1978 har aka rufe shi a ƙarshen Maris 2021, kashi ɗaya cikin huɗu na hannun jarinsa na wani kamfanin Japan ne mai suna OURD, na tsawon shekaru masu yawa. Abin da haƙar ta bari shi ne tulin dusar ma'adini kimanin tan miliyan 20, 'yan kilomitoci daga inda mutane ke kwana. Shirin da aka yi shi ne a lulluɓe shi da yumɓu da dutse mai kaurin mita 2. Siziyam, sinadarin gubar da ke cikin ƙasar Fukushima, rabinsa na mutuwa cikin shekara 30. Radiyam ɗin da ke cikin tulin Akokan sai shekara 1,600, kuma shi ba a sa ranar kwashe shi ba. Makiyayin da zai bi da raƙumansa ta wurin nan da shekara 200, ko wanda zai zo neman wurin haƙa rijiya ko dutsen gini, yana bukatar abin da zai ce masa kada ya tona nan. Yadda abin zai kasance, da inda za a kafa shi, da ko za a rubuta shi da Tamashek da Hausa kafin Faransanci, mutanen Arlit da Akokan ne ya kamata a fara tambaya.